Gadon Shata: Mun Riƙe Kalmomi, Ina Kiɗan?

Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa ta ƙasar Katsina, ya rasu ran 18 ga Yuni, 1999, aka yi masa sutura a Daura. A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya cika, nan kan titin Zariya, ba nisa da Gyadi-Gyadi da Ƙauyen Alu. Har yau kuwa wanda ya ratsa waɗannan unguwanni da wuya ya rasa jin muryarsa a teburin mai shayi ko rumfar tela. Jama'a dai ba su yar da shi ba. Mu ɗaliban Hausa fa, wane ɓangare na gadonsa muka riƙe?

Ba shakka magabata sun yi aiki. Tun 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, a 2006 kuma Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da tarihinsa. To, amma galibin kundayen da mu ɗalibai kan rubuta, kalmomi kurum muke kwashewa mu zuba a takarda, mu fito da turke da salo, sa'an nan mu ce mun nazarci Shata. A ganina rabinsa muka nazarta.

Dalili kuwa, Shata shi ne mai saƙa kalmomin, shi ne kuma mai tsara karin muryar da amshin da kiɗan da za su hau. Ba ya zama ya rubuta. A tsaye gaban jama'a yake ƙaga waƙa, kalangai na tafe da shi. Shi ya sa Bakandamiyarsa ta wannan taro kan bambanta da ta wancan. Ɗalibin da ya juyi guda ɗaya, bai faɗi inda aka rera ta ko shekarar ba, me ya adana?

Wani zai ce nazarin kiɗa aikin wani sashe ne. Ban yarda ba. Hausa harshe ne mai karin sauti, kalangu kuwa ganga ce mai bin wannan kari: makaɗi ya matse tsarkiya a hammata sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, har mai saurare ya ji magana a ciki. Ashe ke nan wanda ya karanci ilmin sauti a sashenmu ya fi kowa cancantar bayyana yadda muryar Shata da kalangansa ke amsa wa juna.

Saboda haka ina roƙon malamanmu su shar'anta cewa kowane kundi a kan waƙar baka ya zo tare da muryar da aka nazarta, da bayanin wuri da lokacin ɗaukarta. Mu kuma mu bi gidajen rediyon Kano da Kaduna da ɗakunan dattawa, mu tattaro fayafayen garmaho da kaset-kaset tun ba su lalace ba, mu zauna da waɗanda suka rage cikin makaɗansa da 'yan amshinsa. Takarda za ta jira mu, amma waɗannan bayin Allah kullum raguwa suke yi, kuma duk wanda ya tafi, da abin da ya sani yake tafiya.

Allah ya jiƙan Shata, ya ba mu ikon riƙe amana.