RA'AYINMU: Wa Ke Da Ikon Bakin Titi A Iyana Ipaja?

Duk wanda ya taɓa bi ta mararrabar Iyana Ipaja da sassafe ya san irin cinkoson da ake yi a wurin. Motocin haya da na kaya, da masu keke mai ƙafa uku, kowa na neman inda zai raɓa. Direban da ya kwana biyu bisa hanya da lodin albasa daga Sakkwato, da zarar ya tsaya sai ya ga mutane sun yanyame shi, wannan ya ce shi na ƙaramar hukuma ne, wancan ya ce na jiha ne, ga kuma 'yan kamasho, ga janwe yana jira. Ya biya nan, ya biya can, sau da yawa ba ko rasit.

To, wa doka ta ba wannan iko? Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 aka sa tashoshin mota cikin ayyukansu. Tsarin Mulki na 1979 ya tabbatar da haka, na 1999 kuma ya maimaita a Jadawali na Huɗu, inda ya ɗora musu kafa tashoshin mota da kasuwanni da mayanka, da kula da su, da tsara yadda za a tafiyar da su. Ke nan Ƙaramar Hukumar Alimosho da ta Agege suna da hurumi a wannan sha'ani.

Amma Gwamnatin Jihar Legas ta shigo da nata hannun. Ta kafa LASTMA a 2000 don kula da zirga-zirga, sa'an nan dokar sufuri ta 2018 ta haifar da LASPA, hukumar ajiye motoci. A 2022, lokacin da LASPA ta aika wa kamfanoni takardun neman kuɗin ajiye mota a bakin harabarsu, lauya Femi Falana ya ce abin ya saɓa wa Tsarin Mulki. Gwamnati ta amsa da cewa ƙananan hukumomin ne suka miƙa mata ikon da yardarsu. Masana shari'a sai su ci gaba da muhawararsu. Abin da ya dame mu shi ne, in an miƙa iko, me ya sa wanda ya miƙa bai janye yaransa daga titi ba?

A dai shekarar ta 2022 gwamnati ta sa wa direbobin haya harajin bai ɗaya na Naira 800 a rana, don a daina karɓe-karɓe. Niyya ce mai kyau, amma a tambayi direbobi su faɗi abin da ke fita daga aljihunsu kafin faɗuwar rana. Kuma kowace Naira da aka tatsa a Iyana Ipaja, mai sayen tumatir a kasuwar Agege ne ke biyanta.

Ba mu goyon bayan ganganci. Wasu daga cikin 'yan'uwanmu sukan datse hanya da babbar mota su tafi cin abinci, har motar asibiti ta rasa wurin wucewa. Irin waɗannan a ci su tara, ba za mu ce uffan ba. Sai dai hukumar da ba ta tanadi filin ajiye mota ba, ba ta kafa allon da ke nuna inda aka hana tsayawa ba, da wane ido za ta kama mutum?

Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, uzurin dogaro da tara ya ragu. Muna kira ga shugabannin Alimosho da Agege su zauna da jiha su bayyana wa jama'a, da Turanci da Yarabanci da Hausa, hukuma guda da ke karɓar kuɗi, da adadinsa, da ofishin da za a kai ƙara. Sarkin Hausawan Agege da shugabannin direbobi su kai wannan buƙata a rubuce. Ku kuma direbobi, kada ku miƙa ko sisi sai kun ga katin shaidar ma'aikaci, an kuma ba ku rasit mai hatimi.