Tace Jinin Mai Sankara: Inda Na'ura ke Ceton Rai, da Inda Take Cinye Dukiya

A cikin kayan da ake jinyar masu sankarar jini da su, da wuya a sami wanda ke kwantar wa dangi da hankali kamar na'urar tace jini. Aikinta ido na gani: jini na fita ta siririn bututu, ya shiga na'ura, ya komo jikin majinyaci, a gefe kuma wata leda tana cika da abin da aka cire. Al'ummar da ta saba ganin wanzami yana kafa ƙaho yana zubar da "mataccen jini" ba ta bukatar dogon bayani kafin ta yarda cewa cuta ce ke fita. Shi ya sa idan aka ambaci wannan aiki, sai dangi su fara lissafin gonar da za a sayar.

Matsayina a wannan rubutu shi ne, na'urar tana da matsayi biyu da suka sha bamban, kuma haɗa su wuri guda yana cutar da majinyata. Wajen sauya ruwan jinin da ya yi kauri, tana ceton ido da rai cikin 'yan sa'o'i. Wajen kwashe fararen ƙwayoyin jini kuwa, hujjar amfaninta ta yi rauni matuƙa. A duka biyun ba ta taɓa tushen cutar, domin tushen yana can cikin ɓargo, inda bututu ba ya kaiwa.

Abin da na'urar ke yi

Da farko a raba ta da wankin ƙoda, wanda mutane da yawa ke kira wankin jini. Wankin ƙoda yana cire ƙananan dattin da ƙoda ta kasa fitarwa. Wannan kuwa, da likitoci ke kira aferesis, kalmar Girkanci mai nufin ɗauke wani abu, rarraba jinin take yi kashi-kashi. Tana juya shi da sauri, kamar yadda ake kaɗa nono mai ya rabu, sai jajayen ƙwayoyi masu nauyi su koma gefe guda, ruwan jini mai launin ɗorawa ya koma ɗaya gefen, fararen ƙwayoyi da ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare su tsaya a tsakani. Likita ya zaɓi kashin da yake son cirewa, a mayar wa majinyaci da sauran.

Idan ruwan jinin aka cire, wanda ya kai kimanin lita 3 a jikin babban mutum, sai a maye gurbinsa da ruwan albumin ko ruwan jinin da wasu suka bayar. Wannan shi ne sauya ruwan jini. Idan fararen ƙwayoyi aka kwashe, sunan aikin lukaferesis. Kowane zama yakan ɗauki sa'a biyu zuwa huɗu.

Dabarar ta daɗe. A 1914, John Jacob Abel na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka ya gwada cire ruwan jini a jikin karnuka yana mayar musu da ƙwayoyin. Ita kuwa na'urar da ke aikin ba tare da tsayawa ba, asalinta daga jinyar sankarar jini ne. A 1962 ɗan wani injiniyan kamfanin IBM mai suna George Judson ya kamu da cutar, uban ya haɗa kai da likita Emil Freireich na Cibiyar Binciken Sankara ta Amurka, suka ƙera na'urar farko a tsakiyar shekarun 1960.

Idan jini ya zama kunu

A 1944 wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Jan Waldenström, ya yi bayanin wasu majinyata masu yawan haɓo da zubar jini ta baki, jininsu kuma ya yi kauri fiye da kima. Cutar da a yau ke ɗauke da sunansa wata sankara ce da ƙwayoyinta ke zubo wani ƙaton furotin mai suna IgM cikin jini ba ƙaƙƙautawa. Idan aka ɗauki kaurin ruwan sha a matsayin 1, ruwan jinin mai lafiya yana tsakanin 1.4 da 1.8. Alamun matsala sukan bayyana idan ya haura 4. A nan jini ya tashi daga koko ya koma kunu mai kauri, yana tafiya da ƙyar a ƙananan jijiyoyi. Mutum zai fara haɓo, dasashinsa na jini, ganinsa na dushewa, ga ciwon kai da jiri, daga baya hankali ya gushe. Likitan da ya leƙa cikin idonsa zai ga jijiyoyin sun kumbura gaɓa-gaɓa.

A wannan hali na'urar ba ta da na biyu, kuma dalilin yana cikin girman furotin ɗin. Saboda girmansa, kusan kashi 80 cikin ɗari na IgM yana zaune ne cikin jijiyoyin jini, bai iya tsallakawa zuwa tsokar jiki, don haka yana daidai inda bututu zai same shi. Ƙari a kan haka, kaurin jini ba ya hawa daidai da yawan furotin: idan ya kai wani mataki, ɗan ƙari kaɗan kan ninka kaurin, ɗan ragi kaɗan kuma kan saukar da shi sosai. Shi ya sa zama ɗaya ko biyu kan isa haɓo ya tsaya, gani ya fara dawowa. Tun 1960 likitoci Schwab da Fahey suka nuna haka a Amurka. Har ila yau, maganin rituksimab da ake ba masu wannan cuta yakan sa IgM ya yi tashin gwauron zabo na ɗan lokaci, saboda haka akan sauya ruwan jinin wanda nasa ya riga ya yi yawa kafin a fara ba shi.

Duk da wannan nasara, ƙwayoyin da ke cikin ɓargo suna nan suna aikinsu. Idan ba a bi da maganin da zai kashe su ba, cikin 'yan makonni jinin zai koma yadda yake. An kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Ko a cikin 'yan uwan wannan cuta ma, nasarar ba ɗaya ba ce. A sankarar mayeloma, wasu ƙananan gutsattsarin furotin kan toshe ƙoda. Hankali zai ce a tace su kawai. Amma su ƙanana ne, sun bazu ko'ina a jiki, ana cirewa wasu na kwararowa. Wani gwaji da aka yi a Kanada kan majinyata kimanin ɗari, aka wallafa a 2005, bai nuna cewa sauya ruwan jini ya rage mutuwa ko dogaro da wankin ƙoda yadda za a kafa hujja da shi ba. Abin da ke ceton ƙodar shi ne gaggauta maganin sankarar.

Idan fararen ƙwayoyi suka cika hanya

Mai lafiya yana da fararen ƙwayoyi tsakanin 4,000 da 11,000 a kowane mikirolita na jini. Wasu masu sankarar jini mai saurin yaɗuwa, musamman nau'in da ake taƙaita sunansa da AML, sukan iso asibiti da fiye da 100,000. Waɗannan ƙwayoyi ba su nuna ba, manya ne, ba sa lanƙwasuwa, kuma suna manne wa bangon jijiya. Sukan cunkushe ƙananan hanyoyin jini na huhu da ƙwaƙwalwa, mutum ya kasa numfashi ko ya ruɗe. Hali ne da ke kisa cikin kwanaki.

A ido, nan ne ya fi dacewa a kawo na'ura, kuma lallai zama ɗaya kan rage adadin da kashi 30 zuwa 60 cikin ɗari. Sai dai adadin yakan sake hawa da sauri, domin mafi yawan ƙwayoyin suna cikin ɓargo, waɗanda suka riga suka manne a jijiyar huhu kuma na'ura ba ta ɓamɓare su. Kamar mai kwashe ruwa da ƙwarya ne a ɗakin da rufinsa ke yoyo ana tsakar damina. Manyan nazarce-nazarce biyu da suka tattara sakamakon asibitoci da dama, ɗaya a 2014 ɗaya a 2020, ba su ga cewa lukaferesis ta rage mutuwar farkon jinya ba.

Ƙungiyar masana aferesis ta Amurka, ASFA, tana jera cututtuka a matakai huɗu: na ɗaya inda aikin shi ne maganin farko, na biyu inda yake biyo bayan wani, na uku inda ba a tabbatar da matsayinsa ba, na huɗu inda ba shi da amfani ko yana cutarwa. Kaurin jini mai alamu yana mataki na ɗaya. Cunkoson fararen ƙwayoyi kuwa ya yi ta sauka, har jagorar 2023 ta ajiye shi a na uku. Akwai ma nau'in da ake kira APL, wanda masu shi ke cikin haɗarin zubar jini, inda likitoci ke guje wa aikin gaba ɗaya.

Masu goyon bayan lukaferesis suna da magana mai nauyi, kuma ya kamata a saurare ta. Suna cewa ba a taɓa yin gwajin da aka raba majinyata ta hanyar ƙuri'a ba, kuma waɗanda ake ɗora wa na'ura galibi su ne mafiya jigata, saboda haka kwatanta su da sauran zalunci ne ga na'urar. Suna kuma da majinyatan da suka gani da idonsu numfashinsu ya daidaita bayan zama ɗaya. Na yarda cewa wannan ya isa dalilin da asibitin da ke da na'ura a shirye, da ma'aikata a kusa, zai yi amfani da ita ga wanda ke shaƙewa, muddin ba ta jinkirta magani ko da sa'a guda ba. Amma bai isa dalilin ɗaukar majinyaci a yi tafiyar yini da shi neman na'ura ba, bai kuma isa dalilin kashe kuɗin magani a kanta ba. Aikin kansa yana da nasa haɗari: sai an sa babban bututu a jijiyar wuya ko cinyar mutumin da jininsa ba ya daskarewa da kyau, sinadarin da ke hana jini daskarewa a na'ura yana rage kalsiyam, ana kuma asarar ƙwayoyin daskarar da jini waɗanda dama sun yi ƙaranci.

Abin da wannan ke nufi a asibitocinmu

A Nijeriya da Nijar, inda mafi yawan iyalai daga aljihunsu suke biyan kuɗin jinya, wannan bambanci maganar rai ce da dukiya. Kowane zama yana cin sabon saitin bututu da ba a maimaita shi, da albumin ko ledojin ruwan jini masu yawa, da ƙwararriyar ma'aikaciyar jinya, da wutar da ba za ta ɗauke ba. Iyalin da suka ƙarar da abin hannunsu a nan, da me za su sayi maganin watanni masu zuwa?

Abin da ke rage fararen ƙwayoyi a matakin farko kuwa sananne ne a wurinmu. Haidiroksiyuriya, ƙwayar da masu amosanin jini da yawa ke sha, tana saukar da adadin sosai cikin kwana ɗaya zuwa biyu idan likita ya ba da ita a ma'aunin da ya dace. Tare da ita akwai ƙarin ruwa, da alofurinol don kare ƙoda daga dattin ƙwayoyin da ke mutuwa, da taka-tsantsan wajen ƙarin jini domin jajayen ƙwayoyi na ƙara kauri, sai kuma fara kemoterafi da zarar an tabbatar da nau'in cutar. Duk waɗannan suna bukatar ɗakin gwajin da zai ƙirga ƙwayoyi ya duba su a madubin likita a ranar da majinyaci ya iso. Gwamnatin da ke son rage mutuwar masu sankarar jini, nan ya kamata kuɗinta ya fara zuwa, ko da yake ba abu ne da ake yanke masa kyalle a gaban 'yan jarida ba.

Wannan ba kira ba ne a yi watsi da na'urar. Kowane babban asibitin koyarwa ya cancanci ya mallake ta, amma don ayyukan da aka tabbatar: sauya ruwan jinin da ya yi kauri, tara ƙwayoyin daskarar da jini daga mai bayarwa guda don masu shan kemoterafi, sauya jajayen ƙwayoyin mai amosanin jini da ya sami shanyewar ɓarin jiki, da tara ƙwayoyin asali don dashen ɓargo. Tana da amfani ga mai juna biyu da ke da sankarar CML, wadda maganin imatinib zai iya cutar da ɗan tayinta. Da ita ne kuma ake tara ƙwayoyin da ake sarrafawa a sabon maganin CAR-T, wanda Amurka ta fara amincewa da shi a 2017. Na'ura guda mai aiki kullum, da kayanta a ajiye da mutanen da suka iya ta, ta fi goma da aka rufe da leda. Inda babu ita ma, ana iya rage kaurin jini da hannu, ta ɗiban jini a leda, a juya shi a ma'ajiyar jini, a zubar da ruwan a mayar da ƙwayoyin, kamar yadda aka yi a 1960 kafin a ƙera na'urar.

Ga wanda aka ce za a tace jinin ɗan uwansa, tambayoyi uku sun wadatar, kuma likitan kirki ba zai ji haushinsu ba. Me za a cire, ruwan jini ko fararen ƙwayoyi? Wane magani ne zai biyo baya, kuma yaushe za a fara shi? Idan kuɗin bai isa duka biyun ba, wanne ya kamata a fara biya? Idan amsar farko ita ce ruwan jini mai kauri, kuma gani ya fara dushewa, a yi sauri, domin jinkiri na iya cin ido. Idan fararen ƙwayoyi ne, a tabbatar kuɗin magani yana hannu kafin a taɓa na na'ura.