Zancen Iyali: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Sa'ad da aure ya mutu har maganar riƙon yara ta kai gaban alƙali, iyaye da yawa sukan tafi kotu baki cike da laifin juna, hannu kuwa wofi. Amma ba wannan alƙali yake nema ba. A Nijeriya, dokar shari'ar aure ta 1970, wadda ta shafi auren rajista, ta ce amfanin yaro shi ne kan gaba. Dokar hakkin yara ta 2003 kuma ta ƙarfafa wannan. Watau tambayar ita ce, a hannun wa yaron zai fi samun abinci, da lafiya, da karatu, da kwanciyar rai?

Saboda haka muna ba da shawara a tara takardu tun da wuri. Da fari takardar aure, gama ita take nuna inda za a kai ƙara: auren rajista sai Babbar Kotu, auren al'ada kuwa kotun gargajiya ko ta yanki. Sa'an nan takardar haihuwa, da katin asibiti, da na allurar rigakafi, da rasit na kuɗin makaranta, da sakamakon jarrabawa. Mu malamai mun sani rajistar aji takan nuna dukan ranar da yaro ya yi fashi. A ɗauki kofin kowace takarda, a adana ta asali.

Na biyu, a sami littafi a riƙa rubuta kwanan wata, da abin da ya faru, da wanda ya gani. "Ran 4 ga Maris zazzaɓi ya kama shi, na kai shi asibiti, ga rasit" ya fi "uban ba ya kula da shi" nauyi. A rubuta kuma inda yaron zai kwana, da wanda zai dube shi lokacin aiki, da ranakun da zai ziyarci ɗaya gidan.

Kada a ƙara gishiri, gama kotu tana da iko ta aiki ma'aikacin jin daɗin jama'a ya bincika. Kada kuma a koya wa yaro abin da zai faɗa a kan uwarsa ko ubansa. Shari'a za ta ƙare, amma su biyun iyayensa ne har abada.

Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi shawara a ofishin Hukumar Taimakon Shari'a, wadda aka kafa a 1976. Kada a jira sai daren ranar zama.