Tauraro Yana Gani, Saura Masu Buɗe Ruwa

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in ɗan yi magana game da fadamar Haɗeja da Nguru. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, da ta Challawa cikin 1992, ambaliyar da takan shayar da gonakin shinkafa da wuraren kiwo ta ragu. Inda kuma ruwa ya daina ƙafewa da rani, ciyawar nan kachalla ta toshe hanyoyinsa, manoma da masunta suna ji a jika.

Tun 1972 taurarin ɗan Adam na Amurka, watau Landsat, ke ɗaukar hoton ƙasa daga sama, daga 2008 kuwa hotunan suka zama kyauta. Cikinsu a kan ga inda ruwa ya kwanta bana, da inda ya kwanta bara.

To, amma hoto ba ya buɗe ƙofar madatsa. A ganina, kada hukuma ta saki ruwa ko ta tsare shi sai ta baje taswirar nan gaban mutanen fadama, an yi shawara. Mu kuwa malaman gobe, mu kai ta aji, yaro ya nuna rafin garinsu da yatsa. Allah ya sa a ji.