Zumunci a Ƙafa Yake, ko a Fasfo?

Wata sabuwar al'ada ta kunno kai a gidajen masu hali na Unguwar Rimi da Malali. A ɗaura aure a masallacin Sultan Bello, jama'a su shafa fatiha su watse, bayan mako guda a kwashi ango da amarya da wasu zaɓaɓɓu a tafi wata ƙasa a sha biki. A da Dubai ake nufa, yanzu tsibiran Bahar Rum sun shiga sahu. Masu yi suna kiran abin wayewa. Ni kuwa a ganina dabara ce ta sallamar dangi daga biki ba tare da an buɗe baki an ce kada su zo ba.

Ba ji na yi ba, gani na yi. Na halarci irin wannan biki a garin Girne da ke arewacin tsibirin Saifurus a matsayin ƙawar amarya, mahaifinta ne ma ya biya mana kuɗin jirgi. Tsibirin a rabe yake tun 1974, kuma Turkiyya ce kaɗai ta amince da arewacinsa a matsayin ƙasa, saboda haka duk mai zuwa ta sama sai ya ratsa ta can. Daga Kaduna sai Abuja, daga Abuja sai Istanbul, sannan filin jirgin Ercan. Kafin nan kuma ga neman fasfo, ga biza, ga takardar banki. Kowane mataki rariya ce, kuma kowa ya san waɗanda take tacewa.

Wurin ya ƙayatar, wannan ba abin musu ba ne: tsohuwar tashar jiragen ruwa, ganuwar dutse a bakin teku, tsaunuka daga baya. Amma da aka zo kamu, babu gwaggo ko ɗaya a zauren, mu ƙawaye muka yi ta kame-kame. Guɗa ma daga na'ura aka sako ta. Kakar amarya, wadda ta goye ta a Kawo, a wayar jikanta ta kalli bikin, hoton yana yi yana yankewa.

Bikin Bahaushe ba shagali ne kawai ba. Ranar ce dangi biyu suke ganin juna, su san wa ya haifi wa, su ɗauki nauyin auren a wuyansu. Matar da ta kwana tana tuƙa tuwon biki, da kawun da ya baro ƙauye da buhun gero a matsayin gudummawa, su ne za su zauna a kan tabarma ranar da zama ya yi tsami, su yi bikon amarya, su ja wa ango kunne. Wanda ba a nema ba ranar farin ciki, da wane ido za a aika masa ranar ɓacin rai? Malamanmu kuma sun sha karanta mana hadisin Abu Huraira da ya aibata walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta. Ban san katangar da ta fi teku iya tsare talaka daga walima ba.

Za a ce kuɗinsu ne, su yi yadda suka ga dama. Gaskiya ne, amma a ina aka samo su? Biki ɗaya a Kaduna yana ciyar da mai lalle, da tela, da masu girki, da mai hayar rumfa da kujeru, da mai atamfa a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Bayan da aka saki naira a watan Yunin 2023 ta yi ta faɗuwa, har dala ta haura naira 1,500 a 2024, shekarar da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000. Tikitin baƙo ɗaya ya fi abin da irin wannan ma'aikaci ke ɗauka a shekara. Dukiyar da aka tara a nan, ranar da ya kamata ta ɗan yayyafa wa maƙwabta, sai a juye ta a aljihun mai otal a Girne.

Wasu kuma tsaro suke kafa hujja da shi, su tuna mana harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris, 2022. To, ai hanyar Abujar ce dai za a bi kafin a kai filin jirgi. Idan kuwa cunkoso da maroƙa ake gudu, a taƙaita bikin zuwa walimar yini ɗaya a ƙofar gida.

Akwai kuma tekun kanta. Wannan Bahar Rum da muka jera muna ɗaukar hoto a gabanta, ita ce matasan Afirka ke keta Agadas da Libiya domin su tsallaka a kwalekwalen roba. Ranar 3 ga Oktoba, 2013, mutum fiye da 360 suka nutse a kusa da tsibirin Lampedusa na Italiya, gaɓa tana hango su. A hotunan bikin da suka zagaye Instagram, ruwan ne shuɗi shar a bayan amarya.