Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

A 1965 babu wanda ya zaci ƙananan tsibiran Cagos, can tsakiyar Tekun Indiya, za su zama abin jayayya a Majalisar Ingila. A cikin wannan shekara ne Turawa suka yanke su daga ƙasar Morishas, shekara uku kafin su ba ta mulkin kai. Daga 1968 zuwa 1973 suka kwashe mutanen wurin kaf, don Amurka ta kafa sansanin soja a babban tsibirin, watau Diyego Gasiya. A 2019 Kotun Duniya ta ce wannan yanka ba bisa ƙa'ida yake ba, ƙasashe 116 kuma suka goyi bayanta a Majalisar Ɗinkin Duniya.

To, a watan Mayu 2025 aka sa hannu a yarjejeniya: Ingila za ta mai da tsibiran ga Morishas, ta kuma yi hayar Diyego Gasiya shekara 99, a kan kimanin fam miliyan 101 kowace shekara.

Nan fa bakin 'yan siyasa ya buɗe. Firayim Minista Starmer ya ce tsaron ƙasa ya saya. Takwaransa na Morishas, Ramgoolam, ya ce nasara ce babba. 'Yan jam'iyyar Konsabatib kuwa suka ce miƙa wuya ne da asarar dukiya. Amma fa mai karatu ya lura, gwamnatinsu ce ta buɗe wannan ciniki a 2022, kuma James Cleverly, wanda ya shelanta shi yana ministan harkokin waje, yana cikin waɗanda suka fara kushe shi da mulki ya kuɓuce musu. Ɗan kasuwan da ya taya kaya da safe, ya dawo da yamma yana zagin dillali, ai ba a sāke amincewa da tayinsa.

Abin da ya fi ciwo shi ne, masu yabo da masu suka duk lissafin kuɗi da jiragen yaƙi suka yi. Mutanen Cagos, waɗanda aka raba da gidajensu da kaburburan iyayensu, ba a zaunar da su wurin shawara ba, kuma yarjejeniyar ba ta ba su damar koma wa Diyego Gasiya ba. Mai da abin ƙwace wajibi ne, babu shakka. Sai dai ba a ce an sauke hakki ba muddin wanda aka zalunta yana tsaye a bakin zaure, ana rabon kuɗin hayar gidansa a ciki.