Baƙo A Birnin Turawa

A shekarar 1855 Dorugu, yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, ya sauka Landan tare da Barth, Bajamushe. Harshensa ya zame masa jari, gama daga bakinsa Schön ya rubuta labaran da suka shiga littafin Magana Hausa na 1885.

Ɗalibin garin Lafiya da zai sauka can yau shi kaɗai ba shi da ubangida. Sanyi zai tarye shi, maƙwabci kuwa ba zai yi masa maraba ba. Saboda haka ya rubuta adireshin masaukinsa a takarda, ya adana fasfo a jikinsa, kada ya ɗauki ƙunshin kowa, gudun kurkuku. Ranar Juma'a ya nemi masallacin Regent's Park, zai iske 'yan'uwa. Matambayi ba ya ɓata.